Kujerar Na Ƙi: Wane Ne Ya Isa Ya Hana?

Duk wanda ya saba kunna rediyo da safe domin jin labarin duniya ya sha jin an ce wata babbar ƙasa ta hau kujerar na ƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wakilai goma sha huɗu su ɗaga hannu su ce sun yarda, wakili ɗaya ya ɗaga nasa ya ce bai yarda ba, shi ke nan magana ta mutu, kowa ya tattara takardunsa. Mu da muka tashi muna jin cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, abin yakan ɗaure mana kai. Yaya aka yi murya ɗaya ta rinjayi goma sha huɗu? Wa ya ba ta wannan iko? Daidai ne ma a ba wani ɗan adam irinsa?

Tambayoyin nan ba na 'yan siyasa kaɗai ba ne. A cikin gida, da majalisar gari, da kwamitin ikkilisiya, da ƙungiyar manoma, akwai mutanen da in sun ce a'a ba abin da zai motsa. Saboda haka ya kamata mu san asalin wannan iko, da abin da aka yi shi dominsa, da kuma yadda yake lalacewa.

Ma'anar kalmar

Abin da muke kira hawa kujerar na ƙi, Turawa suna ce masa veto. Masu jin Ingilishi da masu jin Faransanci duk haka suke faɗa, amma aro suka yi. Kalmar Latin ce, wato harshen Romawa na dā, ma'anarta kuwa "na hana". Mai karatu ya lura, ba a ce "an hana" ba, ba a kuma ce "doka ta hana" ba. Mutum ne ya miƙe da bakinsa ya ce shi ne ya hana. Tun daga kalmar an nuna cewa akwai wanda alhakin hanin yake wuyansa.

In muka duba da kyau za mu ga "na ƙi" da "na hana" ba ɗaya ba ne. Yaron da ya ce ya ƙi cin tuwo, cikinsa ne zai kwana da yunwa. Maigidan da ya ce ya hana a ɗora tukunya, gida duka ne zai kwana da yunwa. Ƙi iyakarsa kan mai shi, kowa kuma yana da shi, talaka da basarake. Da shi ne mutum yake tsare lamirinsa, ya ce ba zai sa hannu cikin mugun aiki ba ko me za a yi masa. Hani kuwa yana ɗaure hannuwan waɗansu, don haka sai mai iko.

Waɗanda suka ƙirƙiro maganar nan ta Hausa sun yi basira da suka sa kujera a ciki. Kujerar ce take mai da ƙin mutum ɗaya ya zama hani a kan jama'a. In aka sauke shi daga kanta, "na ƙi" ɗinsa daidai yake da na kowa. Kujera kuwa ba a haifi kowa da ita ba. Jama'a ne suke ba da ita, ko doka, ko al'ada, akwai kuma abin da ya sa aka bayar. Ashe amana ce.

Yadda abin ya fara a Roma

Marubutan tarihin Roma sun ce a shekara ta 494 kafin haihuwar Almasihu talakawan birnin suka gaji. Su ne suke zuwa yaƙi, su ne kuma bashi yake cinyewa, gama wanda ya kāsa biya akan kama shi ya yi wa mai bashi bauta. 'Ya'yan manyan gidaje su ne alƙalai, su ne 'yan majalisar dattawa, su ne shugabannin sojoji. Talakawa ba su ɗauki makami a kan manya ba. Ficewa suka yi daga birni gaba ɗaya, suka je suka zauna a kan wani tudu, suka ce ba za su koma ba sai an sāke tsari. Birni ba ya tsayawa ba tare da manoma da sojoji ba, tilas manya suka sauko.

Abin da aka daidaita a kai shi ne talakawa su zaɓi wakilansu, waɗanda ake kira tribun. Da fari biyu ne, daga baya suka kai goma, kowace shekara ana sāke zaɓe. Babban aikin wakilin shi ne tsayar da zalunci. In ma'aikacin hukuma ya kama talaka zai hukunta shi, wakilin yana da iko ya zo ya tsaya tsakaninsu, hukuncin ya tsaya. Sunan da Romawa suka fi ba wannan iko ma'anarsa ke nan, shiga tsakani. Talakawa suka rantse cewa duk wanda ya taɓa jikin wakilinsu ya cancanci mutuwa.

Ikon yana da sharuɗa masu nauyi. Ƙofar gidan wakilin a buɗe take dare da rana, domin wanda aka zalunta ya sami wurin gudu. Ba a yarda ya kwana a wajen birni ba. Ikonsa bai wuce birnin da kewayensa ba. An ce ma a farkon zamanin ba a bar su su shiga zauren majalisar dattawa ba, a kan benci suke zama a bakin ƙofa suna sauraron abin da ake yankewa. Kujerar na ƙi ta wancan zamani benci ce a bakin ƙofa, wanda yake kanta kuwa wakilin marasa ƙarfi ne.

Amma makami ba ya zaɓen hannun da zai riƙe shi. Manya suka gane cewa a cikin wakilai goma, in suka sami ɗaya ya isa, domin wakili yana da iko ya hana ɗan'uwansa wakili. A shekara ta 133 kafin haihuwar Almasihu wani wakili mai suna Tibariyus Girakus ya kawo dokar da za ta iyakance yawan gonakin hukuma da mutum ɗaya zai riƙe, a raba wa marasa gona ragowar. Wani wakili, Oktabiyus, wanda aka ce shi kansa yana riƙe da irin gonakin nan masu yawa, ya ce ya hana. Tibariyus ya sa taron jama'a suka tuɓe shi, abin da ba a taɓa yi ba. Dokar ta wuce, amma kafin shekarar ta ƙare aka kashe Tibariyus tare da mabiyansa masu yawa. Daga nan siyasar Roma ta koma ta zub da jini. A shekara ta 23 kafin haihuwar Almasihu aka ba Kaisar Augustas ikon wakilin talakawa muddin ransa. Garkuwar da talakawa suka bar gidajensu domin su samu, ta ƙare a hannun sarkin da ya fi kowa ƙarfi.

Ƙasar da kowa yake da kujerar

Wani zai ce, to, a ba kowa ikon mana, kada a bar wa waɗansu kaɗai. An gwada haka a ƙasar Polan. A can 'ya'yan sarauta suna ganin dukansu daidai suke, ba wanda za a tilasta wa bin dokar da bai yarda da ita ba. Saboda haka kowane ɗan majalisa yana da iko ya miƙe ya ce "ban yarda ba". In ya faɗi haka, zaman majalisar ya watse, dukan dokokin da aka riga aka amince da su a wannan zama kuma sun rushe. A shekara ta 1652 ne aka fara ganin mutum ɗaya ya wargaza zama ta wannan hanya.

Niyyar tana da kyau a ido, wato kada sarki ko masu rinjaye su danne kowa. Ga abin da ya biyo baya. A zamanin Sarki Augustas na 3, wanda ya mutu a 1763 bayan ya yi sarauta wajen shekara 30, zama ɗaya kaɗai majalisar ta kammala da doka, na 1736. Ba a iya ƙara haraji ba, ba a iya gyara rundunar soja ba. Maƙwabta masu ƙarfi suka ga ba sai sun kawo yaƙi ba, sayen ɗan majalisa ɗaya ya fi arha. A ranar 3 ga Mayu 1791 aka yi sabon tsarin mulki aka soke wannan iko, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Rasha da Purushiya da Ostiriya sun riga sun fara yankar ƙasar tun 1772. A 1795 suka gama rabe ta, sunan Polan ya ɓace daga taswira har 1918, shekara 123.

Darasin a fili yake. Hani ba ya gina kome, iyakarsa ya tsayar. Jama'ar da kowa a cikinta ya isa ya hana, ba wanda ya isa ya aikata, ganima ce ga duk wanda ya zo.

Kujeru biyar na Majalisar Ɗinkin Duniya

Da yaƙin duniya na biyu ya kusa ƙarewa, shugabannin Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka haɗu a Yalta a Fabrairu 1945, suka daidaita yadda za a riƙa jefa ƙuri'a a sabuwar majalisar da za a kafa. A wannan shekara ƙasashe 50 suka taru a San Faransisko domin rubuta yarjejeniyar. Huɗu ne kaɗai daga Afirka, wato Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Sauran muna ƙarƙashin mulkin mallaka. Ƙananan ƙasashe, musamman Ostareliya, sun yi ta gardama a kan kujerar na ƙi, amma aka nuna musu a fili cewa in babu ita babu majalisa.

Yau Kwamitin Sulhu yana da mambobi 15. Biyar na dindindin ne, wato Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Goma kuwa akan zaɓe su na shekara biyu. Nijar ta zauna a cikinsa a 1980 zuwa 1981, da kuma 2020 zuwa 2021. Gana da Kamaru da Cadi da Najeriya su ma sun zauna. Kafin ƙuduri ya wuce sai ya sami ƙuri'a 9, kada kuma ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya jefa ta ƙi. In ya ƙaurace wa ƙuri'ar kawai, an saba ɗaukar cewa bai hana ba. Abin mamaki, kalmar veto ba ta cikin yarjejeniyar ko sau ɗaya. Sashe na 27 ya nemi amincewar masu kujerun dindindin ne kawai, daga nan ikon ya fito.

Tarayyar Sobiyet ce ta fara hawa kujerar a Fabrairu 1946, a kan batun janye sojojin Birtaniya da Faransa daga Siriya da Labanan. Ita da magajiyarta Rasha sun hau fiye da sau 100. Amurka ba ta hau ba sai 1970, a kan batun Rodeshiya, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, amma tun daga lokacin ta hau fiye da sau 80, fiye da 40 daga ciki a kan al'amuran Isra'ila da Falasɗinawa. Birtaniya da Faransa ba su ƙara hawa ba tun Disamba 1989.

Mutanen Afirka sun ɗanɗana ɗacin kujerar. A Oktoba 1974 Kamaru da Kenya da Muritaniya da Iraƙi suka kawo ƙudurin a kori Afirka ta Kudu daga Majalisar saboda mulkin wariyar launin fata. Ƙasashe 10 suka yarda, amma Amurka da Birtaniya da Faransa suka hana. A Nuwamba 1996 ƙasashe 14 suka goyi bayan a ƙara wa Butros Butros-Gali, ɗan Masar, wa'adi na biyu a kan kujerar Babban Sakatare. Amurka ita kaɗai ta ƙi, ya sauka, Kofi Annan na Gana ya gaje shi. A 2005 ƙasashen Afirka suka haɗa baki a Ezulwini suka nemi a ba nahiyar kujeru biyu na dindindin masu cikakken iko. Ƙasashen Afirka 54 ne a cikin mambobi 193, amma har yanzu ba ta da ko ɗaya. Gyaran yarjejeniyar ma ba ya yiwuwa sai dukan biyar ɗin sun amince.

Hujjar masu kāre ta

Adalci ne mu saurari masu kāre wannan tsari, gama ba wawaye ba ne. Suna cewa a tuna da ƙungiyar ƙasashen da aka kafa a 1920. Amurka ba ta shiga ba. Japan da Jamus suka fice a 1933. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, daga baya ita ma ta fice. Ƙungiyar ta zama taron magana, yaƙi ya zo ya share ta. Waɗanda suka tsara sabuwar majalisar sun ga gara manya su zauna a ciki da ikon hanawa da su fice su yi abin da suka ga dama. In Kwamitin ya yanke a yaƙi ƙasar da take da makaman ƙare dangi, ba zaman lafiya zai kawo ba, yaƙin duniya na uku zai kawo. A ganinsu kujerar ba ita ta ba manyan ƙasashe ƙarfi ba, ta amince ne kawai da ƙarfin da suke da shi. Sun ƙara da cewa shekara 80 ke nan ba a sāke yin yaƙin duniya ba.

Akwai wata hujja da ta fi wannan zurfi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gaskiya ne, amma ba a ce sarkin yawa ya fi gaskiya ba. Taron jama'a yana iya yin kuskure, yana iya yin fushi, yana iya yin zalunci. Duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan tsiraru, ta wajen harshe ko addini ko ƙabila, ya san darajar samun wurin da za a ce wa masu rinjaye, "Iyakarku nan." Hani yana ba da lokaci zuciya ta huce a sāke tunani.

Mun karɓi waɗannan hujjoji. Sai dai sun nuna ana bukatar ikon hanawa ne, ba su nuna kowane hani daidai ne ba. A 1956 Birtaniya da Faransa suka hana ƙudurin Kwamitin a kan rikicin mashigin Suwez, alhali suna shirin kai wa Masar hari. A 1989 Amurka ta hana ƙudurin da ya la'anci mamayar da ita kanta ta yi wa Panama. A Fabrairu 2022 Rasha ta hana ƙudurin da ya yi tir da mamayar da ta yi wa Yukren, a watan da ita ce take shugabancin Kwamitin. Tun 2011 ta sha hana ƙudurori a kan yaƙin Siriya, sau da yawa tare da Sin. A Nuwamba 2024 ƙasashe 14 suka nemi a tsagaita wuta a Gaza, Amurka ta hana. Kowace ƙasa ta ba da dalilanta. Amma ko a zauren mai unguwa an san wanda ake ƙara ba ya zama alƙali, waɗanda kuma suka biya kuɗin jinkirin ba su cikin zauren.

Yadda za mu auna

Da me za mu bambanta hani na gaskiya da na son kai? Akwai tambayoyin da tarihin nan ya koya mana.

Ta fari, wa hanin yake kārewa? Wakilin talakawan Roma yakan tsaya da jikinsa tsakanin mai bulala da wanda za a daka. Oktabiyus ya tsaya ne tsakanin marasa gona da gonakin masu dukiya. Kalma ɗaya suka furta, iko ɗaya suka yi amfani da shi, amma ɗaya ya riƙe amana, ɗaya ya ci ta. In mai hanawa shi ne mai cin ribar hanin, to, ya kamata ya fara tuhumar kansa kafin waɗansu su tuhume shi.

Ta biyu, ya faɗi dalilinsa a fili? Tsarin mulkin Amurka ya ba shugaban ƙasa iko ya ƙi sa hannu a kan doka, amma ya bukaci ya mai da ita majalisa tare da dalilansa a rubuce. A Afrilu 2022, bisa shawarar ƙaramar ƙasar nan Liktanstain, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke cewa duk lokacin da aka hau kujerar na ƙi zai zauna cikin kwana 10 na aiki ya tattauna batun, a ba ƙasar da ta hau dama ta yi bayani. Wannan bai karɓe ikon daga hannun kowa ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya san za a tambaye shi dalili a gaban jama'a yakan yi tunani kafin ya buɗe baki.

Ta uku, akwai hanyar da za a bi in ya yi kuskure? A Amurka, in kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suka sāke amincewa, dokar ta wuce ko shugaba bai so ba. Haka tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanada, an kuwa yi aiki da shi a shekara ta 2000, sa'ad da majalisa ta zartar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja-Delta ba tare da sa hannun Shugaba Obasanjo ba. Irin wannan hani cewa yake yi, "Ku dakata ku sāke dubawa." Wanda ba shi da ƙofar ɗaukaka ƙara kuwa ya ɗauka mai shi ba ya kuskure, ba kuwa ɗan adam da yake haka.

Tarihin ikkilisiya ma yana da misali a nan. Sarakunan Faransa da Sifen da Ostiriya sun daɗe suna ɗaukar cewa suna da iko su hana a zaɓi wani ya zama Fafaroma. A zaɓen 1903 Kadinal Rampolla yana kan gaba, sai wani kadinal daga Polan ya sanar cewa sarkin Ostiriya ya hana. Daga baya aka zaɓi wanda ya zama Fafaroma Piyus na 10. A Janairu 1904 shi da kansa ya haramta wannan al'ada, ya sa horo mai tsanani a kan duk wanda ya ƙara kawo irin wannan saƙo. Mutumin da za a iya cewa hanin ya buɗe masa hanya, shi ne ya rufe ƙofar. Ba kullum ake samun haka ba.

Mai iko da ya yi shiru

Kada mu ɗauka laifin duka yana ga yawan hanawa. Akwai kuma laifin wanda aka ba ikon ya hana amma ya naɗe hannu. Bilatus ya san shugabannin da suka kawo masa Yesu ba su da ikon zartar da hukuncin kisa sai da amincewarsa. Ya bincika bai sami laifi ba. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Sai ya duba taron, ya duba kujerarsa, ya wanke hannu. Ruwan bai wanke shi ba, har yau ana ambaton sunansa tare da wannan hukunci. Wanda aka ɗora a kan kujera domin ya tare zalunci, shirunsa ma ƙuri'a ce.

Saboda haka ba za mu ce a ƙone kujerar ba. Akwai ranar da mutum ɗaya zai miƙe a gaban taro ya ce a'a, shi ne kuma mai gaskiya. Amma irin wannan a'a takan jawo wa mai ita hasara, ya rasa abokai ko matsayi. Wadda ba ta ci wa mai ita kome ba, sai ma riba da take kawo masa, a yi hankali da ita.

Kujerunmu na gida

'Yan'uwa, yana da sauƙi mu zauna a gindin bishiya mu zagi manyan ƙasashe. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kusan kowane babba a cikinmu yana da 'yar kujerarsa. Uba yana iya hana auren 'yarsa. In ya hana domin ya bincika ya tarar saurayin mashayi ne mai dūkan mata, ya yi aikin uba. In ya hana domin kayan aure ba su kai yadda yake so ba, ko domin yaron ba ɗan ƙabilarsu ba ne, ko domin wata tsohuwar gaba da kakan yaron, to, kansa ya kāre, 'yarsa ce kuma za ta biya. Akwai dattijon da shekara da shekaru ana so a gyara rufin majami'a ko a buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, amma tun da ba daga bakinsa shawarar ta fito ba, ba za ta wuce ba. Akwai ma'ajin da ya riƙe sa hannunsa, da ma'aikacin ofis da ya danne takarda a aljihun tebur. Ba su ce sun ƙi ba, "sai mun duba" suke cewa har maganar ta mutu. Wannan ya fi muni, gama hani ne wanda ba wanda ya ɗauki alhakinsa.

In kana kan irin wannan kujera, ka faɗi a'arka a fili da bakinka, ka ba da dalili. In maganar ta shafi aljihunka ko danginka, ka janye ka bar waɗansu su yanke. In ka hana wata hanya, ka nuna wata, kada ka bar mutane tsaye a rana. In jama'a suka saurare ka, suka sāke dubawa, suka tsaya a kan ra'ayinsu, kana da iko ka tsare lamirinka ka ce ba da hannunka ba, amma ka yi tunani sosai kafin ka ɗaure nasu hannuwan. Ƙungiyoyinmu kuma su rubuta a cikin ƙa'idodinsu wane ne yake da ikon dakatar da shawara, har tsawon wane lokaci, da kuma yawan muryoyin da za su iya wuce shi. A yi wannan tun ana zaman lafiya, gama rigakafi ya fi magani.

Talakawan Roma sun ba wakilinsu ikon cewa "na hana" tare da sharaɗin ƙofar gidansa ta kwana a buɗe domin wanda aka zalunta. Duk wanda yake so ya riƙe ikon, sai ya riƙe sharaɗin tare da shi.